Katin Magen Baba

Ni dai tun ina yarinya ban yarda da kyauta ba. A Inugu aka haife ni, a bayan kasuwar Ogbete na yi wayo, kuma abin da idona ya gani shi ne duk wanda ya ce maka ɗauka kawai, to akwai abin da ya hango a jikinka. Shi ya sa ranar da maƙwabciyarmu, wata malamar makaranta 'yar ƙabilar Ibo, ta ce mini akwai asibitin dabbobi da ke ba da maguna kyauta, har da alkawarin duba lafiyarsu na shekara guda, dariya na yi mata. Na ce a garin da ruwan wanka ma sai an saya a jarka, wa zai ba ki mage ya haɗa miki da likitanta?

Amma maganar ta zauna mini, saboda Baba. Mahaifina dillalin tumaki da awaki ne, a kara, kasuwar dabbobi, ya ƙare ƙarfinsa, har yanar ido ta zaunar da shi. Bayan rasuwar Inna sai ya daina fita gaba ɗaya in ba masallaci ba. Yini yake a kan buzunsa a baranda, carbi a hannu, ka gaishe shi ya amsa, ka yi shiru ya yi shiru. Ni kuma wake da barkono nake sayarwa, ina ajiye buhuna a ɗakin baya, ɓeraye suka mai da gidan nasu. Wata rana ɗaya ya bi ta kan ƙafar Baba yana tahiya. Da ya sallame sai ya ce da ma akwai mage a gidan nan. Tunda aka binne Inna ban ji ya nemi komai da bakinsa ba sai wannan. Kuma na san ba zai yarda a sayo ba, don a wurinsa mage ba a sayen ta ba a sayar da ita.

Na ce zan je in karɓo, ya ce ba a karɓar dabba da hannun wani. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka tari keke napep.

Asibitin wani gida ne da aka shafe da farin fenti, yana warin maganin wanke ƙasa, karnuka na haushi ta baya. Baba ya tattare rigarsa ya naɗe a kafaɗa tun daga ƙofa. Wata mata a bakin teburi ta tarbe mu da murmushi mai yawa, irin wanda ni a kasuwa in na gan shi nake matse jakata. Tun kafin mu zauna ta ɗauke mu hoto. Na tambaye ta na mene ne, ta ce na ajiya ne. Na riƙe abin a raina.

Aka fito da maguna daga keji ɗaya bayan ɗaya. Baba ba ya gani sosai, amma hannunsa bai tsufa ba. Ya riƙa buɗe bakinsu yana taɓa haƙora, yana shafa gadon baya, yana matsa cinya, kamar wanda zai sayi ragon layya. Ya tsaya a kan wata mai ruwan toka, da ɗan yagewa a kunnen hagu. Ya daɗe yana lalubar bayanta, sannan ya ce wannan ƙugunta ya taɓa karyewa, amma tana da zuciya, ita yake so. Likitan, wani saurayi mai tabarau, ya tambaye ni abin da tsohon ya ce. Da na faɗa masa sai ya cire tabarau ya dubi Baba da kyau. Ya ce gaskiya ne, okada ce ta buge ta tana ƙarama, a bakin titi aka tsinto ta.

Daga nan ya shiga dogon Turanci, yana nuna ƙugunsa da hannu. Na ji kowace kalma, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Ya ce ƙashin ya haɗe amma ya tsuke hanya, saboda haka kada a bari ta ɗauki ciki. A dawo da ita kafin sati shida su yi mata aiki su cire mahaifar, kyauta. Ya ce duk sauran kulawar da suka yi alkawari a kan wannan sharaɗin take, kuma yana rubuce a bayan kati.

A raina na ce, yauwa, ga ƙugiyar ta fito. Su ba ka mage, su hana ta haihuwa, gobe in kana son wata dole ka dawo wurinsu. Ko kuma ɗalibai suke koya wa yanka a kan dabbobin mutane. Baba ya ɗago kai ya ce, “Me ya ce?”

Na ce, “Ya ce a riƙa dawo da ita allura.”

Na san ubana. Shekarun da ya yi a kara, namiji ake fiɗiyewa, bunsuru ko rago, don ya yi ƙiba ya daina fitina. Mace kuwa darajarta haihuwa, ba wanda ke sa mata wuƙa sai mahauci. Na tabbata in ya ji zai ajiye magen ya nemi sandarsa. Ga shi kuma ta riga ta cusa kai cikin hannun rigarsa, yana shafa ta, fuskarsa ta saki yadda na daɗe ban gani ba. Tsoro da zargi suka haɗu suka rufe mini baki, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Matar teburi ta tambayi sunan magen don ta rubuta a kati. Baba ya ce mage ai mage ce, aka bar wurin fari. Na sa hannu. Tana miƙo mini katin ta ce ko yaushe ne, ko wace rana ce, mu kawo ta kawai, kuma za su turo mutum gida ya ga yadda take. Wannan na fassara wa Baba tsaf, ban rage komai ba. Ya miƙa wa likitan hannu, ya riƙe shi ya ce Allah ya sa albarka, yadda ake rufe ciniki a kara. A wurin Baba magana ta ƙare a nan, takarda kuwa abin 'yan boko ce.

Cikin sati biyu ɓeraye suka yi ƙaura, amma ba wannan ne abin da ya fi ba. Magen ta zaɓi buzun Baba ta mai da shi gadonta, shi kuma ya matsa gefe ya bar mata tsakiya. In zai yi salla sai ya lallaɓa ta da hannu, in ta ƙi tashi ya ɗauko tabarma. Mutumin da ba ya fita ya fara ɗaukar sanda da hantsi yana zuwa bakin layi sayen busasshen kifi, har yana tsayawa ciniki da mai kifin da guntun Ibonsa. Ina jin sa daga madafa yana ba magen labarin yadda aka taɓa cutarsa da tunkiya mai tari. Na ce masa, Baba, ni da kuka haifa ban taɓa samun wannan hirar ba. Ya ce ita ba ta katse shi.

Na kai ta allurar farko. Matar teburi ta tuna mini maganar aiki, na ce sati mai zuwa. Ta kira ni a waya sau biyu bayan haka, kuma kiran nan ya ƙara mini zargi, don ban taɓa ganin mai ba da kyauta yana bin mutum da naci ba. Na ba yayana da ke sayar da shanu a Fatakwal labari. Shi da ma ya fi ni rashin yarda da mutane. Ya ce hoton da suka ɗauka Turawa suke aika wa su karɓi tallafi, kuma in na kuskura na bar musu ita suka shiga ciki, za su fito su ce ta mutu, su ba wani. Bai taɓa ganin asibitin ba, amma na ji daɗin maganarsa, don ta zo daidai da abin da nake so in ji.

Su ma dai ba su taimaki kansu ba. Mutumin da suka ce za su turo gida har yau ban ga ƙeyarsa ba. Na je allura ta biyu aka ce magani ya ƙare. Na koma, aka ce ba wuta, firji ya mutu, abin da ke ciki ya lalace. Na rufe rumfata sau biyu a banza, sai na ce to shi ke nan, na ga iyakar alkawarinsu. Na jefa katin cikin jakata na manta da shi.

Akwai wani jan muzuru da ke yawo a kan rufin gidajen layinmu. Ban ɗauke shi a bakin komai ba sai ranar da Baba ya kira ni, cike da murna. Ya kama hannuna ya ɗora a cikin magen ya ce in taɓa, uku ne a ciki. Kafin la'asar ya riga ya rabar da biyu a masallaci, ɗaya ga ladan, ɗaya ga wani tsohon abokinsa na kara. Na ukun ya ce namu ne.

Maganar likitan ta dawo mini da hannunsa a ƙugu. Da na ɗauke ta a ranar na kai musu, wataƙila da wani labarin nake bayarwa. Amma kai ta yana nufin in zauna gaban Baba in ce na ɓoye masa magana. Sai na lallashi kaina. Na ce likitoci da ma sun iya kambama abu, ga maguna nan suna haihuwa a ƙarƙashin manyan motoci a Ogbete ba wanda ya taɓa duba ƙugunsu.

Naƙudar ta fara ne wata Laraba bayan asuba, a cikin kwalin da Baba ya shimfiɗa mata tsohon rawaninsa. Har hantsi ba abin da ya fito. Kafin azahar ta daina kuka, sai haki, harshe a waje. Baba ya sha karɓar haihuwar tumaki, ya wanke hannu ya laluba ta a hankali. Sannan ya ce, “Hanya ta yi ƙanƙanta. Maza ki kai ta wurin mutanen nan, ai sun yi alkawari.”

Na rungumi kwalin na shiga keke. A asibitin ba mai murmushin na tarar ba, wata sabuwa ce, fuska a ɗaure. Ta karɓi katin ta juya bayansa, ta duba wani babban littafi, ta ce, “Madam, this card don spoil.” Wai katin ya lalace tunda ba mu kawo ta aiki ba. Likita kuma ba ya nan, Laraba Anacha yake zuwa duba wata gonar kaji. Ba za ta kira shi a kan mataccen kati ba, sai dai in buɗe sabon fayil kamar kowane baƙo.

Nan na tashi. Ina da baki, kowa a layin 'yan wake ya sani, kuma ranar na zazzage shi duka, da Ibo da Turancin kasuwa, har da Hausar da ba ta ji. Na ce ina wadda ta ce ko yaushe, ko wace rana? Ta ce ta bar aiki. Na ce ina mutumin da za ku turo gida? Ina allurar da na zo sau biyu? Ku kun karya alkawarinku ba komai, ni na karya nawa kati ya mutu? Ta ce ita abin da ke rubuce ta sani. Na ce da ma na faɗa, kun ba mu ne don ku kama mu a ranar da ba mu da yadda za mu yi. Masu jiran layi da karnukansu suka zuba mana ido, wani ya ce in yi haƙuri, na haɗa da shi.

Sabon fayil ɗin bai fi ƙarfina ba, wannan shi ne abin da ke ci mini rai. Ba don babu na ƙi ba, na ƙi ne don kada a ce sun yi mini wayo. Kusan awa guda ina tsaye ina neman gaskiyata, kwalin yana kan benci a bayana.

Ita matar ce ta gaji ta zagayo ta leƙa cikin kwalin. Na ga fuskarta ta canja. Nan take ta ɗauki waya ta kira likitan. Ina jin muryar likitan da ƙarar motoci, ya ce yana Head Bridge, bakin gadar Anacha, cunkoso ya riƙe shi. Da ta karanta masa lambar katin sai ya ce, ta tsohon nan ce mai gani da hannu? Ya ce a bar maganar fayil, a shiga da ita a sa mata ruwa, ga shi nan tafe.

Sai bayan la'asar ya iso, rigarsa jiƙe da gumi. Na shirya masa faɗa, amma bai ba ni ƙofa ba. Yana wanke hannu ya tambaye ni ko na faɗa wa Baba abin da ya ce ranar farko. Maimakon in amsa sai na jero masa laifinsu, mutumin gida, allura, firji, awar da aka ɓata a teburi. Ya ce duk gaskiya ne, sun gaza, kuma bai kamata a tsayar da dabba a wannan halin saboda kati ba. Bai sake maimaita tambayarsa ba, ya shige ya rufe ƙofa. Na so in bi shi aka hana ni, maganar yayana ta faɗo mini, na zauna ina kallon ƙofar baya ko zan ga an fita da wani abu.

Rana ta yi ja ya fito. Ya ce 'ya'yan sun riga sun mutu a ciki tun kafin ya buɗe, uwar kuma ta bi su yana cikin aiki. Ya ce su sukan binne da kansu. Na ce a'a, a ba ni abata. Ko a lokacin ban yarda ba. Aka kawo ta naɗe cikin farin ƙyalle, na buɗe a gabansu na duba kunnen hagu. Yagewar tana nan.

Na tarar da Baba a baranda ya idar da magariba, fuskarsa na kallon ƙofa. Ya ji yadda na ajiye kwalin ya gane, ya yi salati a hankali. Ya ce in miƙo masa ita. Ya kwance ƙyallen ya shafa kanta, ya gangaro zuwa cikin da aka aske, yatsunsa suka tsaya a kan ɗinki. Ya bi shi daga sama har ƙasa, ya sake bi. Ya ce a tsakiyar aiki ta cika? Na ce haka likitan ya ce. Ya ce to bayan ta mutu ya ɗinke ke nan, kuma ɗinki ne na mutunci, bai yi gaggawa ba. Wanda ya zo cuta ba ya ɓata zarensa a kan gawa.

Ya mai da ƙyallen ya rufe ta, hannunsa a kan ƙugunta.

“Ranar da muka karɓo ta,” in ji shi, “yaron nan ya daɗe yana magana. Ke kuma kalma takwas kika ba ni.”

Ashe ya lura tun ranar. Na durƙusa na faɗa masa duka, da ƙashin da ya tsuke, da sati shida, da kiran wayar da na ƙi amsawa, da awar da na yi ina faɗa. Ina kuka ina cewa na san ba za ku yarda a yanke mace ba, Baba, na ji tsoron ku ajiye ta ne.

Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce, “Wataƙila da na ƙi. Wataƙila kuma da na yarda, tunda ni na fara jin ƙugun nan kafin shi. Ban sani ba. Amma da kin bar ni na ƙi da bakina.”

Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Har yau ina da ƙorafi a kan asibitin nan, kuma ba zan janye ba. Sun yi alkawari da baki mai faɗi, suka ɓoye sharaɗi a bayan kati, suka sa wadda ba ta san komai ba a bakin ƙofa. Na sha faɗa wa mutane haka a kasuwa, suna gyaɗa kai suna cewa ai da ma. Abin da ban cika faɗa ba shi ne likitan ya gaya mini gaskiya da bakinsa, a gaban ubana, ni ce na tsaya a tsakani.

Da safe muka binne ta a bayan gida, gindin gwaba, cikin rawanin. Baba da kansa ya je ya ba ladan da abokinsa haƙuri a kan 'ya'yan da ya yi musu alkawari. Washegari da hantsi ina madafa na ji ya ɗauki sandarsa kamar kullum, lokacin sayen kifi. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya. Can na ji ya jingine sandar, ya dawo ya zauna a gefen buzun, ya bar tsakiyar.